Darasi na 7: Rinin batik da kaki

Batik rini ne da ake yi da kaki. Duk inda kaki ya zauna a jikin yadi, rini ba ya shiga. In an cire kakin, sai wurin ya fito da launinsa na farko, ado ya bayyana.

Wannan sana'a ta yi suna a tsibirin Jaba na ƙasar Indonesiya. Can suna zuba kaki da ɗan ludayin jan ƙarfe mai siririn baki, wanda suke kira canting. A 2009 UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa batik ɗinsu cikin al'adun gado na ɗan Adam. Mu ma rini ba baƙonmu ba ne, kakanninmu sun san baba da karofi. Wanda ke Yamai ya leƙa wurin masu sana'ar hannu na Wadata, ko gidan tarihi na Bubu Hama, ya ga aikin da idonsa.

Ku nemi farin yadi na auduga zalla, kamar alawayyo ko farar shadda. Mai haɗin leda ba ya shan rini da kyau. Ku wanke shi da sabulu don sitacin masaƙa ya fita, ya bushe, ku goge.

Kaki iri 2 ne. Na zuma yana da danƙo, yana kama yadi. Na kyandir yana da araha, amma tsagewa yake yi. Ta waɗannan tsagogin rini ke kutsawa ya bar siraran layuka kamar jijiyar ganye, kuma masu saye da yawa su suke so. Shi ya sa ake haɗa su. Mai son layukan ya ƙara na kyandir.

Yanzu ku natsu, don nan aiki ya fi lalacewa. Ku narkar da kakin a tsohuwar tukunya bisa garwashi kaɗan. Ku gwada a ƙyalle. In ya ratsa har baya, wurin ya yi duhu kamar an ɗiga mai, ya yi daidai. In ya tsaya fari a sama, bai yi zafi ba, rini zai bi ta ƙarƙashinsa. In ya fara hayaƙi, zafin ya wuce, ku sauke maza. Kaki yana kama wuta. In ya kama, kada ku watsa ruwa, ku rufe tukunyar da murfi. Yara kuwa, don Allah a nisanta su da murhu.

Ku tsoma hatimin katako, wato katakon da aka sassaƙa wa zanen ado, cikin kakin, ku ɗan kakkaɓe, ku danna a yadi. Wanda ba shi da hatimi ya yanka soson katifa, ko ya zana da buroshi.

Ruwan rini kuwa sai ya huce kafin yadi ya shiga, in ba haka ba kaki ya narke, wahala ta tashi a banza. Haka ma rana. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan wuce digiri 40, kaki ya yi laushi a kan igiya. Ni ina ganin aikin sassafe ya fi, shanya kuma a inuwa.

Ku fara da launi mai haske, ku ƙare da mai duhu. Bayan kowane rini, yadi ya bushe, ku rufe da kaki wurin da kuke so ya riƙe launinsa. In baba ne, kada ku tsorata da ganin yadi ya fito kore. Iska na bugunsa zai koma shuɗi. Rinin kanti ana haɗa shi da soda mai cin fata, saboda haka safar hannu ta roba dole ce, kuma a fili za a yi aikin.

Daga ƙarshe ku tsoma yadin a tafasasshen ruwa. Kaki zai taso sama. Ku kwashe shi ku ajiye, zai sake yin aiki. Ku wanke, ku shanya, ku goge.

Aikin gida: kowa ya gwada da ƙyalle mai faɗin taƙi 2. Ya rubuta a littafinsa irin kakin da ya sa da launin da ya samu, ya zo da su aji.