Yadda ake auna takardar bayanin katangar tsaro kafin a damƙa ta ga wakilin AI

Wakilin AI, wato manhajar AI da ke aiwatar da aiki a madadinku, ba ya sanin abin da ke ranku. A tsarin MCP, wato ƙa'idar haɗa wakilin AI da kayan aiki, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamban 2024, abin da yake dogara da shi kafin ya taɓa wani kayan aiki shi ne sunansa, ƴan layukan bayaninsa, da jerin guraben da zai cika. Duk abin da ba a rubuta ba, canka zai yi. In kayan aikin na sarrafa katangar tsaro ne, wato firewall mai tace saƙonnin da ke shiga da fita daga na'ura, canka ɗaya ta isa ta rufe ku a waje, kuna ofis a Yamai, uwar garken (server) kuwa tana Tawa, tafiyar fiye da kilomita 500.

Ku fara da ajiye abin da kuka sani gefe, ku karanta bayanin shi kaɗai. Tambayar farko: ina sabuwar doka take shiga? A iptables, manhajar rubuta dokokin katanga a Linux, ana bin dokoki daga sama zuwa ƙasa, wadda ta fara dacewa da saƙon ita ke yanke hukunci. Umarnin -A yana ajiye doka a ƙarshen layi, -I yana sa ta a farko. In bayanin ya tsaya a "yana ƙara doka", ku ɗauke shi a matsayin wanda ya gaza, domin dokar hanawa da aka ajiye ƙarƙashin dokar barin kowa ba za ta taɓa aiki ba, kuma wakilin zai dawo muku da rahoton cewa komai ya yi daidai.

Daga nan ku duba abin da aka rubuta game da saƙon da bai dace da kowace doka ba: wucewa yake ko jefar da shi ake? A nan ya kamata ku fi daɗewa. Bayani mai kyau zai faɗa ɓaro-ɓaro cewa kafin a mayar da hukuncin zuwa DROP, wato jefar da saƙon, sai an buɗe ƙofa (port) ta 22 ta SSH, hanyar da kuke shiga na'urar daga nesa, an bar haɗin da ya riga ya ƙullu ta dokar ESTABLISHED,RELATED, an kuma bar na'urar ta yi magana da kanta ta lo. In ana tace abin da ke fita, dole a ambaci ƙofa ta 53 ta DNS, mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, in ba haka ba sunayen shafuka za su daina buɗuwa, ku yi ta zargin kamfanin intanet alhali laifin na cikin gida ne.

Adireshin IP na na'urori kuma, a nuna siffarsa da misali. /32 na'ura ɗaya ce, /24 adireshi 256 ne, 0.0.0.0/0 duniya ce baki ɗaya. Ku gwada barin gurbin fayau ku ga abin da zai faru. Kayan aiki da ke ɗaukar gurbi fayau a matsayin "kowa" ba tare da ya rubuta hakan ba, haɗari ne. Ku nemi kalmar IPv6 ma, wato sabon tsarin adireshin intanet. Dokokin iptables ba sa taɓa shi, sai ip6tables, ko rukunin inet na nftables, magajin iptables, mai haɗa tsohon tsarin adireshi da sabon.

Sai hanyar gwaji da ta komawa baya. Umarnin nft -c -f na nftables yana duba fayil ba tare da ya ɗora shi ba, ufw, manhajar sauƙaƙa sarrafa katanga, na da --dry-run, iptables-apply kuwa yana mayar da tsoffin dokoki bayan daƙiƙa 10 in ba a tabbatar ba. Wanne daga cikinsu kayan aikin yake da shi, kuma an umarci wakilin ya fara da shi? A ganinmu, wanda ba shi da ko ɗaya bai kamata ya kusanci uwar garken da ke nesa ba. Alamomin readOnlyHint da destructiveHint na MCP suna taimakawa, amma ishara ce kawai, ba sa hana komai. Aikin da ke kiran nft flush ruleset share duka dokokin yake yi, don haka a rubuta shi da kalmomi a cikin bayanin.

Abu biyu ake yawan mantawa. Na ɗaya, dokokin iptables a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke zama. A lokacin zafi da ake yawan ɗauke wuta, na'ura na tashi ba katanga in ba a adana su da netfilter-persistent ko a /etc/nftables.conf ba. Na biyu, Docker, mai gudanar da manhajoji a keɓe cikin na'ura, yana rubuta nasa dokokin, ƙofar da ya buɗe tana kewaye ufw, sai an yi tacewar a sarƙar DOCKER-USER.

In kun gama karatu, ku tayar da na'urar gwaji a VirtualBox, manhajar ƙirƙirar kwamfuta a cikin kwamfuta, ku ba wakilin bayanin shi kaɗai da aiki irin na kullum: "Buɗe ƙofa ta 443 ga kowa, SSH kuma daga ofishinmu kawai." Ku maimaita sau 10, kowane karo a sabuwar hira, kuna duba sakamakon da nft list ruleset, sannan ku binciki ƙofofin da nmap, manhajar gano ƙofofin da ke buɗe, daga wata na'ura. Ku ba shi adireshi mara kyau da gangan, kamar 192.168.1.300, ku ga ko saƙon kuskuren ya faɗi gurbin da ya lalace da siffar da ake so. Duk inda amsoshin suka saɓa wa juna, ku koma layin bayanin da ya shafi wurin, ku gyara shi, ku sake gwajin daga farko.