Yadda Mai Zaɓe Daga Saudiyya Zai Auna Tambayoyin Raba-Gardama na Jihohin Amurka

A cikin Hausawan da ke zaune a Jidda da Makka da Riyad akwai masu riƙe da fasfon Amurka, kuma dokar da aka kafa a 1986 ta ba su damar kaɗa ƙuri'a daga ƙasar waje. A ƙasan takardar zaɓen, bayan sunayen 'yan takara, akwai tambayoyin da ake amsawa da eh ko a'a, waɗanda da su al'ummar jiha ke kafa doka kai tsaye ko su gyara kundin tsarin mulkinsu. Wannan bayani domin wanda yake da ra'ayin kawo sauyi ne, wato mai son a kyautata wa ma'aikaci da marar ƙarfi.

Da farko a cika fom ɗin FPCA, wato fom ɗin neman rajista da takardar zaɓe daga ƙasar waje, a aika wa jami'an zaɓe na inda aka zauna na ƙarshe a Amurka, kuma ya fi kyau a sabunta shi kowace shekara. A kula da wurin da ake tambaya ko mutum yana da niyyar komawa, domin wasu jihohi ba sa aika wa wanda ya ce ba shi da tabbacin komawa sai takardar kujerun tarayya kawai, babu tambayoyin jiha a cikinta.

Idan takarda ta iso, aiki mafi girma shi ne gane abin da eh zai haifar, saboda taken doka da tallarta sukan ruɗi mutum. A 2020 an tallata doka mai lamba 22 a Kalifoniya da sunan kare 'yancin direbobi, alhali abin da ta ƙunsa shi ne kada a ɗauki direbobin kamfanonin tasi na manhajar waya irin su Uber da Lyft a matsayin cikakkun ma'aikata masu haƙƙoƙin da dokar ƙwadago ta tanada. Kamfanonin da abin ya shafa sun kashe sama da dala miliyan 200 wajen yaƙin neman amincewa, kuma suka yi nasara. Saboda haka a duba wanda ya zuba kuɗi a kowane ɓangare, a kuma karanta sharhin da hukuma ke bugawa a littafin jagorar masu zaɓe, wanda a Kalifoniya wani ofishin bincike na majalisar jiha da ba ya bin jam'iyya ne ke rubutawa.

Daga nan sai a tambayi kai: wa zai ci riba, wa kuma zai ɗauki nauyi? Wani lokaci amsar a fili take, kamar lokacin da jihohin Mizuri da Oklahoma suka faɗaɗa inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi a 2020, ko da Filorida ta amince a shekarar 2020 ɗin a riƙa ɗaga mafi ƙarancin albashi har ya kai dala 15 a awa. Rage haraji kuwa shi ne ya fi bukatar natsuwa, don yana da daɗin ji. Doka mai lamba 13 ta 1978 ta ƙayyade harajin gidaje a Kalifoniya a kan kashi 1 cikin 100 na darajar gida, ta sauƙaƙa wa tsofaffin masu gida, amma ta rage kuɗin da ƙananan hukumomi da makarantu ke samu, kuma manyan gine-ginen kasuwanci ma sun amfana da ita.

Ya kamata a ƙara tsananta bincike idan gyaran kundin tsarin mulki ne, domin warware shi yana da wuya. A 2010 masu zaɓe a Oklahoma sun amince da gyaran da ya hana kotuna la'akari da Shari'ar Musulunci, sai kotun tarayya ce ta dakatar da shi. A watan Agustan 2023 kuma mutanen Ohayo sun ƙi amincewa a ɗaga yawan ƙuri'un da ake bukata don gyaran kundi zuwa kashi 60 cikin 100. A ganina, duk tambayar da za ta rage wa jama'a ikon faɗa a ji ta cancanci a'a, ko da wa ya kawo ta.

Ba dole ba ne mutum ya bi jerin shawarwarin ƙungiyar ƙwadago ko na jam'iyya daga sama har ƙasa. Musulmin da ke goyon bayan ƙarin albashi yana iya saɓa musu a kan halasta tabar wiwi ko caca, yana kuma iya barin tambaya ɗaya babu amsa ba tare da sauran ƙuri'arsa ta lalace ba.

Doka ta wajabta wa jihohi su aika takardun zaɓen tarayya kwana 45 kafin ranar zaɓe ga wanda ya nema a kan lokaci. A cika da wuri, a sa hannu inda aka nuna, sannan a miƙa ambulan ga ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Jidda ko babban ofishin da ke Riyad, a bar isassun makonni domin ta isa kafin wa'adin jihar ya cika.