Yadda nake fitar da gwanayena biyar na resilin a ƙarshen shekara

Duk watan Disamba ni da ƙanena sai mun yi musu a kan wane ne gwanin resilin na shekara. Shi hanyarsa ba wuya, ya duba wanda bel ɗin duniya ke kafaɗarsa ya ce magana ta ƙare. Ni na daɗe da barin wannan hanya. A 2024 wanda na ɗora a saman kowa mutum ne da ya riƙe bel na minti biyar da daƙiƙa 46 kacal, kuma har yau ƙanen nawa bai yafe mini ba. Zan nuna yadda nake lissafin da misalan waccan shekarar, don ita ce ta fi cika mini littafi.

Kafin komai sai ka daidaita da abin da kowa ya sani: an shirya wanda zai ci tun kafin a buga ƙararrawa. Faɗuwar gaskiya ce, karaya da targaɗe ma gaskiya ne, amma sakamakon a ofis aka yanke shi. Saboda haka bel yana gaya maka wanda kamfani ya zaɓa ya tallata ne kawai. In jerinka na masu bel ne zalla, to jerin kamfanin ka kwafo ka sa sunanka. Tambayar da nake yi wa kowane ɗan wasa ita ce, abin da aka miƙa masa, babba ko ƙarami, me ya yi da shi?

Sai ka nemi littafi, ko ka buɗe wuri a wayarka, tun daga Janairu. Wannan ne matakin da kowa ke rainawa, kuma shi ne ginshiƙin aikin. Ƙwaƙwalwa mayaudariya ce, abin da ka gani a Nuwamba shi ke danne na Maris. Bayan kowane wasa da ya taɓa ni nakan rubuta layi biyu: rana, su wa suka kara, da abin da jikina ya yi. "Na miƙe tsaye ban sani ba." "Na ɗauki waya a tsakiya." "Na koma baya sau uku don in ga yadda ya faɗi." Ba na ba da maki ko taurari, don lamba ba ta tuna mini komai bayan wata tara. Sharaɗi ɗaya da ba na karyawa: in rubuta nawa kafin in karanta ra'ayin kowa. Akwai masu sharhi irin su Dave Meltzer da duniyar resilin ke jiran taurarinsu, akwai mujallar PWI da ke fitar da jerin mutum 500 duk shekara. Ka karanta su daga baya. In ka riga ka ji an ce wasa kaza ya fi kowanne, da idon aro za ka kalle shi.

Idan Disamba ta zo, nakan fitar da duk sunan da ya bayyana a littafin sau uku ko fiye, in auna su da abu uku.

Na farko aikin cikin fage. A nan shawarata ita ce ka daina kallon mai duka, ka koma kallon wanda ake duka. Kowane ƙato zai iya ɗaga mutum ya maka da ƙasa. Gwani shi ne wanda in an mare shi kai ma sai ka dafe kunci, wanda in an murɗe masa ƙafa a minti na biyar, a minti na ashirin yana nan yana ɗingishi bai manta ba. Ga gwajin da nake yi: in sake kallon wasan da sauti a kashe. Babu ihun 'yan kallo, babu zuga ta masu sharhi. In har na gane wa ke shan wuya, wa ya fara tsorata, wa ya yi kuskuren da ya jawo masa faɗuwa, to wasan ya ci jarrabawa. Karawar Gunther da Sami Zayn a WrestleMania ta 40, babban taron shekara na kamfanin WWE, a Filadelfiya ta wuce wannan gwaji ba tare da gargada ba. Gunther, mutumin Ostiriya, ya shiga da bel ɗin Intercontinental da ya riƙe kwana 666, ya shafe tarihin Honky Tonk Man na daɗewa da bel ɗin. Makaminsa mafi shahara mari ne a ƙirji da tafin hannu, ba wani tsalle-tsalle. Ko da sauti a kashe kana ganin lokacin da raini ya shige shi, ya tsaya tsokanar matar Sami da ke zaune a gaba maimakon ya gama aiki, kuma daga nan bel ya fara suɓuce masa. Mutumin da ya iya faɗuwa haka bayan kusan shekara biyu yana mulki, ya kuma tashi a Mayu ya ci King of the Ring a Jidda, a Agusta ya karɓe bel ɗin duniya daga hannun Damian Priest, ba sai an roƙa masa wuri a jeri ba.

Na biyu baki. In an miƙa masa makirufo, shin yana sa ka ƙagu ranar wasan ta zo? Ba yawan ihu nake nema ba. Wani zai yi minti goma yana tada jijiyar wuya, ka tashi ba ka riƙe kalma ɗaya ba.

Na uku, wanda na fi ba nauyi, shi ne labari, wato rigimar da ke tafe wata da watanni. A nan ne nake rabuwa da masu ƙirga salon juyi a iska. Will Ospreay ɗan Ingila, wanda ya koma kamfanin AEW gaba ɗaya a 2024, a iya sarrafa jiki ban ga na biyunsa ba a shekarar. Wasansa da Bryan Danielson a watan Afrilu na kalle shi sau huɗu. Ya kuma yi wata karawa da MJF a Yuli da saura daƙiƙa biyu ta cika awa guda. Amma da na bi littafina sai na ga a gaban sunansa kullum "kai, wannan yaro!" nake rubutawa, ban taɓa rubuta cewa na damu ya ci ko ya faɗi ba. Ya burge ni, bai tayar mini da hankali ba. Da haka ya tsaya a na shida, wajen layi. Na san masu yawa za su ce na yi masa zalunci, kuma ba zan yi musu da su sosai ba.

Danielson kuwa ya haɗa duka. Mutum ne da ya taɓa yin ritaya a 2016 saboda raunin kai, ya dawo a 2018, sannan ya shelanta cewa wannan ce shekararsa ta ƙarshe ta cikakken aiki. A Wembley ta Landan, ranar 25 ga Agusta, ya sa sana'arsa a caca da bel ɗin Swerve Strickland, matarsa da 'ya'yansa na zaune a layin gaba suna kallo ana jibgar sa. Abin da na rubuta a ranar kalma uku ne: "Na yi ƙwalla." A Oktoba Jon Moxley ya raba shi da bel ɗin a Tacoma, a jihar da aka haife shi, aka rufe babin. Shi ne na ukuna.

Wani abu da nake tilasta wa kaina: kada in rufe jeri alhali kamfani ɗaya na kalla. Ba sai ka bi komai ba, ba mai wannan lokacin. Ya isa duk wata ka ɗauki wasa biyu ko uku daga wajen inda ka saba, daga AEW in kai ɗan WWE ne, daga New Japan, daga CMLL ta Meziko inda masu rufe fuska ke shawagi. Ta haka na ga Zack Sabre Jr. ya ci gasar G1 Climax ta New Japan a Agusta, mutum na biyu wanda ba ɗan Japan ba da ya taɓa cin ta bayan Kenny Omega a 2016, da salon murɗe gaɓoɓi kamar mai ninke tabarma. Bai shiga biyar ɗina ba don wasanninsa kaɗan na gani, kuma ba na sa wanda labarinsa kawai na ji. Haka ma mata, a jeri ɗaya nake sa su da maza. Toni Storm ta shafe shekarar tana rawar wata tsohuwar tauraruwar fim da kanta ya kwance, har hoton talabijin ake mayarwa fari da baƙi in ta fito. Da farko na ɗauka shirme ne da ba zai kai wata biyu ba. Sai ga yarinyar da ta taso a gabanta, Mariah May, ta juya mata baya a Yuli ta fasa mata kai, kuma shirmen ya zama abin tausayi. Wanda ya sa ka canza ra'ayi a kansa a tsakiyar shekara ya cancanci ƙarin maki. Ita ce ta biyar.

Yanzu sai yanka, inda zuciya ke ciwo. Ƙa'idata: wanda bai yi aƙalla wata shida yana fitowa ba, ba ya shiga. Da wannan The Rock ya fita, duk da cewa muguntar da ya yi kafin WrestleMania ta fi ta 'yan wasa da yawa na cikakken lokaci. Sting ma ya fita. Ya yi wasan bankwana ranar 3 ga Maris a Greensboro yana da shekara 64, tare da Darby Allin, kuma na ji daɗinsa ƙwarai, amma soyayyar ƙuruciyata ce ke magana, ba aikin 2024 ba. Irin waɗannan nakan buɗe musu shafi daban a ƙarshen littafi. A shafin ne kuma nake ajiye masu tasowa da nake sa wa ido, inda a shekarar na rubuta Oba Femi, wanda ya ɗauki bel ɗin North American na NXT, reshen masu tasowa na WWE, tun a Janairu yana jifa da mutane kamar buhu.

Wurin jera sauran, kada ka tsaya haɗa maki. Ɗauki biyu-biyu ka tambayi kanka: da a ce wasanninsu na gudana lokaci guda kuma ɗaya kawai zan iya kallo, wanne zan kunna? Amsar farko da ta zo maka ita ce gaskiya, ta biyun kunya ce ta jama'a. Da wannan tambaya Cody Rhodes ya sauko na huɗu, kuma a nan ne rigimarmu da ƙanena ta fi zafi. Hujjarsa mai ƙarfi ce. Cody ya ci Royal Rumble, gasar da ke ba wanda ya ci damar neman bel a WrestleMania, sau biyu a jere, ya kawo ƙarshen mulkin Roman Reigns na kwana 1,316 ranar 7 ga Afrilu a WrestleMania ta Filadelfiya, ya ɗaga bel ɗin da mahaifinsa Dusty Rhodes ya rasu bai taɓa riƙewa ba, kuma PWI ta sa shi na ɗaya. Har ya ƙara da cewa ai Cody ya doke Gunther ɗin nawa a Riyad a Nuwamba. Duk na yarda. Daren Filadelfiya shi ne shafi mafi tsawo a littafina. Amma daga Mayu zuwa Disamba sunan Cody ya yi ƙaranci. Ya kare bel da AJ Styles, Logan Paul, Solo Sikoa, Kevin Owens, wasanni masu kyau, sai dai babu wanda na shiga ina fargabar zai faɗi. Mai farauta ya fi daɗin kallo kafin ya kama naman. Gunther ya haye shi zuwa na biyu.

Saura na ɗayana, Drew McIntyre. A Royal Rumble ta Janairu CM Punk ya yage tsokar hannu, Drew ya fito bainar jama'a ya ce addu'ar da ya yi ce ta karɓu. Daga nan ya mayar da ƙiyayyar Punk sana'a, a makirufo da kuma a intanet, alhali abokin rigimar na jinya ba zai iya wasa ba sai bayan wata shida. Ka yi tunanin wuyar wannan aiki: ka riƙe wutar rigima da mutumin da ba a yarda ya yi wasa da kai ba. A WrestleMania ya doke Seth Rollins ya ci bel, maimakon ya tafi sai ya je teburin masu sharhi yana yi wa Punk gwalo. Punk ya ja ƙafarsa, Damian Priest ya rugo da jakar Money in the Bank, wadda ke ba mai ita damar neman bel duk lokacin da ya ga dama, bel ya tafi cikin minti biyar da 'yan kai. A Yuni, a Glasgow, gaban 'yan ƙasarsa ta Sikotilan, Punk ya shigo da rigar alƙalin wasa ya sake hana shi bel. A Yuli ya ci jakar da kansa a Toronto, ya yi amfani da ita a daren, Punk ya sake ɓata masa. Abin da ya kama ni shi ne, Drew ne mugun labarin, amma duk ƙorafinsa gaskiya ne, an cuce shi ɗin. Sai ka rasa wa za ka goya wa baya. Sannan ya ƙwace wani ɗan abin hannu na duwatsun roba da Punk ke ɗaurawa, mai ɗauke da sunan matarsa da na karensa, ya mayar da wannan tarkace abin da manya biyu za su zubar da jini a kansa. Ya ci a SummerSlam, ya faɗi a Balin, ya sake faɗuwa cikin keji a Atlanta ranar 5 ga Oktoba, inda aka fasa masa kai da akwatin kayan aiki har jini ya rufe masa fuska.

Da na ƙirga, sunansa ya fito a littafina sau da yawa fiye da na kowa, kuma kusan rabi ba ranar wasa ba ne, ranar magana ce kawai. Na nuna wa ƙanena shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ya karanta, ya miƙo mini littafin, ya ce shi dai bai taɓa jin an naɗa gwanin shekara wanda ya sha kaye biyu cikin uku ba.