Kafin ka sayi sabon domen, gwada sabdomen

Salamu alaikum 'yan uwa. In kana da shafin intanet, kana son ƙara masa shago, kada ka sayi sabon domen, wato sunan adireshin shafi irin sunanka.com.ng. Buɗe sabdomen kawai, kamar shago.sunanka.com.ng. Reshe ne a jikin domen ɗinka, don haka babu wani kuɗin rajista duk shekara.

Shiga cPanel, wato wurin sarrafa shafinka da kamfanin hostin (masu ajiye maka shafin) ya ba ka, danna Domains, sai Create A New Domain, ka rubuta cikakken sunan.

To, ga inda ake tuntuɓe. Akwai ɗan akwati a ƙasa mai cewa Share document root. Cire alamar cikinsa kafin ka danna Submit. In ka bar ta, sabdomen ɗin zai riƙa nuna abin da ke public_html, wato babban shafinka dai. Kuma ba ya gyaruwa daga baya, sai ka goge ka sake. Ni ma na sha wuya a nan. Ina yi wa wata mai sayar da dankalin Turawa a Bukuru aiki, har ƙarfe ɗayan dare ina ta zagin netwok, ashe akwatin nan ne.

Daga nan je SSL/TLS Status ka danna Run AutoSSL, don sabdomen ɗin ya samu tsaro, adireshinsa ya riƙa buɗewa da https.

Amma in ka mayar da DNS ɗinka (tsarin da ke haɗa sunan domen da sabar da shafin ke ciki) kamfanin Cloudflare, cPanel ba shi da ta cewa a kan DNS ɗin. Can za ka shiga ka ƙara A record da kanka, wato layin da ke haɗa sunan sabdomen ɗin da IP (lambar adireshi) na sabarka. Wasu kamfanonin hostin kuma suna ƙayyade adadin sabdomen a ƙaramin tsari, duba naka tukuna.