Idan Matarka Na Da Ciki A Legas: Abin Da Ya Rataya A Wuyanka

A Arewa mai ciki ba ta rasa mai kula da ita: ga uwar miji, ga matan gida, in cikin fari ne ma ta tafi goyon ciki gidan iyayenta. Wanda ya kawo iyalinsa Agege, Idi-Araba, Mile 12 ko Alaba Rago kuwa, sau da yawa daga shi sai ita a ɗaki ɗaya. Don haka batun "wannan sha'anin mata ne" bai taso ba.

Da ta yi ɓatan wata biyu, ku je a yanki katin awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara awo cikin makonni 12 na farko, a kuma je aƙalla sau takwas kafin haihuwa. Zuwan farko ka raka ta da kanka, musamman idan ba ta jin Turanci ko Yarbanci, domin za a tambaye ta ranar al'adarta ta ƙarshe, haihuwa nawa, ɓari nawa, ko an taɓa yi mata tiyata. Ka haddace rukunin jininta. In nata negetif ne, jaririn kuma ya zo fozitif, akwai allurar anti-D, mai kare jariran da za ta haifa nan gaba, da ake yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa, kuma tana da tsada.

Ƙwayar ƙarin jini kullum ake sha. Tana sa bayan gida ya yi baƙi, wasu matan sai su tsorata su daina, alhali ba matsala ba ce. Kada dai ta haɗiye ta da shayi, yana hana jiki amfana da ita. Daga wata na huɗu ana ba da Fansidar wata-wata saboda zazzaɓin cizon sauro, ga allurar tetanus. Ɗaura gidan sauro kuma aikinka ne.

Babban abin da ke halaka mata wajen haihuwa jinkiri ne, kuma galibi maigida ake jira. Ka faɗa mata tun yau, a gaban maƙwabciyar da kuka yarda da ita, cewa ka ba ta izinin zuwa asibiti ko da rana ko da dare, kana nan ko ba ka nan. Direban tirela da ke layi a Apapa ko yake hanyar Kano, wannan maganar da shi ake yi kafin kowa. Kuɗin haihuwa su kasance a hannunta ko a asusunta, kada su zauna a aljihunka. Ka kuma tambayi asibitin yadda ake shiga inshorar jihar, Ilera Eko, tun ciki na ƙarami.

Ƙaramin asibitin unguwa yana karɓar haihuwa, amma ba ya tiyata. Idan an taɓa yi mata aiki, ko tagwaye ne, ko hawan jininta ya kai 140/90, ko jariri ya kwanta a gicciye, ku nufi babba tun farko: babban asibitin Orile Agege, asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, ko asibitin haihuwa na Island Maternity ga mutanen Obalende. Nisa a Legas da awa ake auna shi. Ka gwada hanyar da safe da kuma bayan la'asar, ka san wadda ruwa ke cinyewa da damina. Ka riƙe lambar direba biyu a unguwarku da za su ɗauki waya ƙarfe biyun dare, ga kuma lambobin gaggawa 112 da 767.

A 2020 wata babbar kotu a Legas ta ce bai halatta a tilasta wa miji ba da jini kafin a karɓi matarsa awo ba. Amma hukuncin kotu ba ya cika ma'ajiyar jini. Ka nemi mutum biyu masu lafiya da za su bayar in an buƙata.

Zubar jini komai ƙanƙantarsa, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, zazzaɓi, fashewar faya ba tare da naƙuda ba, ko jariri ya rage motsi: duk wanda ka gani, kada a jira gari ya waye. Jijjiga ba iska ba ce, hawan jini ke kawo ta. Ka kwantar da ita a gefen hagu, kada a cusa mata cokali ko ruwa a baki, a yi asibiti. Naƙudar da ta wuce awa 12 ma asibiti za a yi. Jiƙon saurin naƙuda na iya fasa mahaifa, yankan gishiri kuma yoyon fitsari yake jawowa. Idan likita ya ce tiyata, ka tambayi dalili ka fahimta, amma kada ka ce sai ka yi shawara da mutanen gida a Arewa. Kafin a gama waya jariri ya galabaita.

Bayan haihuwa, in ƙunzugu na jiƙewa sharkaf cikin awa ɗaya, kira nas nan take. A sa jariri a nono cikin awar farko, kada a matse dakashi a zubar. Cibiya a shafa mata maganin chlorhexidine da ake bayarwa, kada a shafa mata man goge baki ko a gasa ta da tsumma. Ruwan wankan jego ya zama mai ɗumi, kunun kanwa kuwa gara a haƙura da shi, domin kanwa na tara ruwa a jiki ta wahalar da zuciya. Maijegon da ƙafarta ke kumbura, numfashi na yi mata wuya idan ta kwanta, a kai ta likita ranar, ko da saura kwana ɗaya suna.