Yadda Ake Gane Tsohon Tangaran Mai Zanen Hannu Kafin A Saya

Wanda yake son tara tsofaffin farantai da kofuna da butocin shayi na tangaran ya kamata ya fara koyon bambanta zanen hannu da na bugu, domin tun shekarun 1750 masana'antun Ingila suke ɗauko zane daga allon tagulla su manna shi a jikin tangaran da siririyar takarda, kuma irin wannan kaya ya fi na hannu yawa nesa ba kusa ba.

Da farko a kai farantin wurin haske, a duba shi da gilashin ƙara girma. Zanen hannu yana barin sawun burushi, launin ya yi kauri a wani wuri, ya dusashe inda fenti ya ƙare. Na bugu kuwa yakan fito da ɗigo-ɗigo ko layuka masu kauri ɗaya, wani lokaci har a ga inda bakin takardar ya haɗu zanen ya goce. Idan farantan saiti guda ne, a jera biyu, domin furannin da hannu ya zana ba sa taɓa zuwa daidai wa daida.

Daga nan sai a shafa da yatsa. Shuɗin fenti na ma'adinin kobal ana zana shi kafin a zuba ruwan ƙyalli, wato rufin da ke sa tangaran sheƙi kamar gilashi, saboda haka yana kwance sumul a ƙarƙashinsa. Launin ruwan hoda da zinariya kuwa a saman ƙyallin ake ɗora su, a sake gasawa da wuta mai sauƙi, shi ya sa yatsa ke jin tudunsu, kuma su ne kan fara gogewa.

Sai bayan wannan ne za a kife farantin a duba tambari, don shi ne abin da masu jabu suka fi kwaikwaya, musamman takubba biyu a gicciye na kamfanin Meissen da aka kafa a Jamus a 1710. Sunan ƙasa yana taimakawa wajen kintatar shekaru: kayan Japan da aka kai Amurka tsakanin 1891 da 1921 suna ɗauke da kalmar "Nippon", wato sunan Japan a harshen Japananci.

A ƙwanƙwasa bakin farantin a hankali da farce. Lafiyayye yana yin ƙara mai tsawo, mai ɓoyayyar tsaga kuwa ƙararsa gajeriya ce. Idan an saya, a wanke da hannu da ruwan ɗumi, kuma kada a zuba abinci mai tsami a kan tsohon fenti, domin da yawansa akwai dalma a ciki.