Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Zaɓen Filin Golf a Lokacin Tafiya

Yawancin masu shirya tafiya domin buga golf a wani yanki suna farawa ne da jerin filayen da suka yi suna, alhali shaharar fili ba ta nufin za a bar baƙo ya taka shi. Augusta National da ke Amurka, inda ake gasar Masters, na mambobi ne da waɗanda suka gayyata kawai. Muirfield a Skotland yana karɓar baƙi ne a wasu keɓaɓɓun ranaku na mako kawai. Shi kuwa filin Old Course na garin St Andrews, shi ma a Skotland, a buɗe yake ga kowa, sai dai ba a wasa a cikinsa ranar Lahadi in ba lokacin gasa ba, ana neman shaidar handikaf (lambar da ke nuna ƙwarewar ɗan wasa, wadda take raguwa gwargwadon ƙwarewarsa) da bai wuce 36 ba, kuma ana raba gurabe da dama ta hanyar ƙuri'ar da ake fitarwa kwana biyu kafin wasa. Saboda haka a fara sanin ranar da za a samu shiga kafin a tsayar da kwanakin tafiya, a kuma tanadi wani fili a kusa ko da ƙuri'a ba ta faɗo ba.

Kuskuren da ya fi ɓata rai, a ganina, shi ne dogaro da hotunan intanet, waɗanda a ranar da fili ya fi kyau ake ɗaukar su. Sau ɗaya ko biyu a shekara masu kula da fili suna bi da na'ura su huhhuda lallausar ciyawar da ke kewaye da ramuka, su cika hudojin da yashi domin iska da ruwa su kai ga saiwa. Aikin yana da amfani ga ciyawa, amma har tsawon mako biyu ko fiye ƙwallo ba ta gangarawa sumul, sai ta riƙa tsalle tana kaucewa ramin da bai fi taku uku ba. Ba kowane kulob ke sanar da wannan a shafinsa ba, don haka a kira a tambaya yaushe aka yi hudar, yaushe kuma za a sake. A tambayi irin ƙasar wurin ma, domin filayen bakin teku masu yashi suna tsotse ruwan sama da wuri, masu laka kuwa sukan kwana da taɓo.

Akwai kuma masu zaɓen filin da ya fi ƙarfinsu. A katin maki ana rubuta lambar da ke nuna wahalar fili ga matsakaicin ɗan wasa, daga 55 zuwa 155, kuma 113 ne ma'aunin tsakiya. Wanda bai ƙware ba, idan ya nace wa fili mai 140 kuma ya fara bugu daga wuri mafi nisa, zai wuni yana laluben ƙwallo a cikin doguwar ciyawa, na bayansa suna jira. Matsawa zuwa mafarin bugu na gaba ba abin kunya ba ne.

Lissafin lokaci ma yana yaudara. Ramuka 18 suna cin awa huɗu ko fiye ga mutum huɗu, don haka wanda ya haɗa filaye biyu masu nisa a rana guda yakan ƙare na biyun cikin duhu. Gara a kama masauki ɗaya a tsakiyar filaye uku ko huɗu. Kafin a biya kuɗi a tabbatar da dokar sutura, da yadda ake mayar da kuɗi idan ruwa ya hana wasa, da kuma ko ana ba da hayar ƙaramar mota, domin wasu tsofaffin filaye da ƙafa ake zagaya su.